Kwana a Gidajen Tarihi: Misalin Birnin Natchez na Ƙasar Amurka

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa aiki a fannin adana kayan tarihi ya san cewa babbar matsalar tsohon gida ita ce kuɗin kula da shi. Rufi yakan fara yoyo, gara ta shiga katako, magada kuma su watse neman abinci a wasu garuruwa, har gidan ya zama kango. Hausawa dai sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A wasu ƙasashe an samo wata hanya ta magance wannan matsala, wato a mayar da gidan masauki, baƙo ya biya kuɗi ya kwana a ciki, da safe a ba shi karin kumallo, sannan a zagaya da shi a ba shi tarihin gidan. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda irin wannan masauki yake, ta hanyar ɗaukar misali daga Natchez, wani ƙaramin birni da ke Jihar Misisifi a kudancin Amurka, inda na taɓa yin kwana biyu a ɗaya daga cikin gidajen. Za a duba asalin gidajen, da yadda suka tsira, da abin da baƙo zai tarar a cikinsu, da kuma irin tarihin da ake ba shi.

Ma'anar Wannan Irin Masauki

Masaukin kwana da karin kumallo ya bambanta da otal ta fuskoki da dama. Da farko, ɗakunansa ba su da yawa, sau da yawa daga uku ne zuwa goma. Na biyu, mai gidan ko wakilinsa yakan zauna a cikin gidan ko a harabarsa, shi ne zai karɓi baƙo da hannunsa. Na uku, kuɗin da aka biya ya haɗa da kwana da abincin safe kawai. Abincin rana da na dare sai baƙo ya fita gari ya nema. Al'adar ta daɗe a Ingila da Ayalan, inda iyalai kan ba matafiya ɗakin da ba kowa a cikinsa don samun ɗan abin cefane. A Amurka kuwa ta bunƙasa ne sosai daga shekarun 1970 zuwa 1980, kuma a can ta fi karkata ga manyan tsofaffin gidaje.

Dattawan da suka san zamanin fatauci za su ga kama tsakanin wannan da aikin fatoma, wanda yake saukar da fatake a gidansa, ya ciyar da su, ya kuma nuna musu gari. Bambancin shi ne, baƙon fatoma ciniki ya kawo shi, shi kuwa wannan baƙon gidan kansa ya zo gani.

Asalin Birnin da Gidajensa

Natchez yana kan wani tudu ne a gaɓar Kogin Misisifi ta gabas. Faransawa ne suka kafa sansani a wurin a shekarar 1716, a ƙasar wata al'umma ta 'yan asalin nahiyar da ake kira Natchez, wadda birnin ya ɗauki sunanta. Daga nan wurin ya koma hannun Ingilishi a 1763, sai Sifaniyawa a 1779, kafin ya zama na Amurka a 1798.

Arzikin garin ya samo asali ne daga auduga. Bayan an ƙirƙiro injin gurzar auduga a 1793, sai nomanta ya zama mai riba ƙwarai, domin masaƙun Ingila da na arewacin Amurka suna saye ba iyaka. Jiragen ruwa masu aiki da tururi kuma suka sauƙaƙa kai ta tashar New Orleans. Sai dai aikin gonar gaba ɗaya bayi baƙaƙen fata ne suke yin sa. Ƙidayar 1860 ta nuna cewa bayin da ke Jihar Misisifi sun haura 436,000, wato fiye da rabin mutanen jihar. Yawancin manyan masu gonakin Natchez ba a gonakin suke zaune ba. Gandayensu suna can ƙetaren kogi a Luwiziyana da sauran wurare ƙarƙashin wakilai, su kuwa suka gina manyan gidaje a cikin birni da kewayensa.

Tsakanin 1800 da 1860 aka gina mafi yawan waɗannan gidaje. Galibinsu benaye ne na jan bulo, masu manyan fararen ginshiƙai irin na tsohon ginin Girka, da baranda mai faɗi gaba da baya. Ana ɗaga rufin ɗakuna sosai saboda zafin yankin, kuma ana gina ɗakin girki daban a bayan gida don tsoron gobara. Alal misali, gidan Stanton Hall, wanda wani dillalin auduga ɗan asalin Ayalan mai suna Frederick Stanton ya gina a wajen 1857, ya cinye fili guda cur tsakanin tituna huɗu, aka kuma ƙawata shi da madubai daga Faransa da marmara daga Italiya. Mai gidan bai daɗe da tarewa ba ya rasu a 1859.

Yadda Gidajen Suka Tsira

Abubuwa uku ne suka sa waɗannan gidaje suka kai zamaninmu. Na farko shi ne yadda yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya zo wa garin da sauƙi. Natchez ya miƙa wuya a 1862 ba tare da gwabzawa ba, sojojin gwamnatin tarayya suka mamaye shi a 1863, saboda haka ba a ƙone shi ba kamar yadda aka yi wa wasu garuruwan kudu. Amma yaƙin ya bar alama guda da ake gani har yau. Gidan Longwood, mai kusurwa takwas, an fara gina shi a 1860 da nufin ya ƙunshi ɗakuna 32. Da yaƙi ya ɓarke, sai magina 'yan arewacin ƙasar suka ajiye kayan aikinsu suka koma gida. Ɗakuna tara na ƙasa kaɗai aka kammala, mai gidan, Haller Nutt, ya rasu a 1864, kuma har yanzu saman ginin yana nan yadda aka bar shi.

Na biyu shi ne talauci. Da aka 'yantar da bayi, dukiyar masu gandaye ta karye. A 1907 kuma wani ƙwaro mai cin ƙwallon auduga ya shigo yankin ya ƙarasa abin da ya rage. Magada suka rasa kuɗin da za su rushe tsofaffin gidajen su gina na zamani, suka kuma rasa mai saye. Haka suka ci gaba da zama a ciki da gadaje da kujerun kakanninsu, wasu suna tara ruwan yoyo a bokiti.

Na uku shi ne dabarar matan garin. A 1931 ƙungiyoyin mata masu sha'awar lambunan furanni na Jihar Misisifi suka yi taronsu a Natchez. Sai aka yi wani sanyi mai tsanani da ya lalata furannin da aka shirya nuna wa baƙi, don haka matan garin suka buɗe musu gidajensu a maimakon lambuna. Ganin yadda baƙin suka yi sha'awa, sai wata mata mai suna Katherine Grafton Miller ta jagoranci shirya bikin ziyarar gidaje na shekara-shekara, wanda aka fara a 1932, a tsakiyar lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Mata kan sa tufafin zamanin kakanninsu su tsaya a ƙofa suna karɓar baƙi masu biyan kuɗin shiga. Da wannan kuɗi aka riƙa gyara rufi da fenti, har ƙungiyoyin suka sayi wasu gidajen suka riƙe. Bikin yana gudana har yanzu.

Daga Ziyara Zuwa Kwana

Kuɗin ziyarar 'yan makonni a shekara bai isa ya riƙe gida mai ɗakuna ashirin ba. Akwai gyaran rufi, da feshin gara, da kuɗin inshora, da haraji, da albashin mai kula da lambu. A nan ne saukar baƙi ya shigo, domin yana kawo kuɗi duk tsawon shekara.

Dokokin ƙasar ma sun taimaka. A 1966 Amurka ta yi dokar adana wuraren tarihi, wadda ta kafa kundin rajistar gine-ginen tarihi na ƙasa. Daga 1976 aka fara ba da rangwamen haraji ga masu gyara irin waɗannan gine-gine, kuma a 1986 aka tsayar da rangwamen a kan kashi 20 cikin ɗari na kuɗin gyaran. Sharaɗi na farko shi ne ginin ya zama mai kawo kuɗin shiga. Gidan da iyali ke zaune a cikinsa kawai bai cancanta ba. Sharaɗi na biyu shi ne a bi ƙa'idojin gyara da gwamnati ta shimfiɗa, waɗanda suka fifita gyara tsohon abu a kan maye gurbinsa da sabo. Ta haka doka ta ƙarfafa masu gidaje su buɗe ƙofa ga baƙi, ta kuma hana su ɓata siffar ginin.

Gidan Monmouth kyakkyawan misali ne. An gina shi a 1818, kuma a 1826 John Quitman ya saye shi, mutumin da daga baya ya zama janar a yaƙin Amurka da Meziko, ya kuma yi gwamnan Misisifi daga 1850 zuwa 1851. Quitman ya mallaki bayi ɗaruruwa a gandayensa, kuma yana cikin 'yan siyasar da suka fi tsananin kare bauta har ya rasu a 1858. Bayan gidan ya fita daga hannun zuriyarsa ya lalace ƙwarai. A 1978 wasu ma'aurata daga Jihar Kalifoniya suka saye shi, suka gyara, suka mayar da shi masauki. Shekara goma bayan haka, a 1988, gwamnatin tarayya ta sanya shi cikin manyan wuraren tarihi na ƙasa.

Abin da Baƙo Zai Tarar

Gidan da na sauka ba ya cikin waɗanda na ambata a sama. Ɗana da ke karatu a ƙasar ne ya kama mana ɗaki ta intanet, muka isa da la'asar. Uwargidan da kanta ta buɗe mana ƙofa, ta ba mu makulli, ta kuma karanta mana dokokin gida: ba a shan taba a ciki, ba a zama a kan kujerun da aka gitta wa igiya, ba a ɗora kofi a kan tsohon tebur sai da abin tarewa, kuma karin kumallo ƙarfe takwas da rabi ne ga kowa.

Ɗakin da aka ba ni yana da gado mai rumfa, wanda tsayinsa ya sa aka ajiye ɗan matakala a gefensa don hawa. A da ana rataya gidan sauro ne a jikin rumfar. Daɓen katako ne, yana ƙara idan an taka. An saka na'urar sanyaya ɗaki da wutar lantarki, an kuma tsaga banɗaki a wani lungu da a da ma'ajiyar tufafi ce, amma duk an yi su ta yadda ba za su ɓata kamannin ɗakin ba.

Da safe baƙi duka suka hallara a kan dogon tebur guda. Abincin yankin ya ƙunshi ƙwai, da tsakin masara da aka dafa kamar fate, da ƙananan burodi masu laushi, da 'ya'yan itatuwa, da gahawa. Musulmin da zai sauka a irin wannan wuri ya kamata ya sanar tun lokacin kama ɗaki cewa ba ya cin naman alade, domin yana cikin abincin safen da aka saba, wani lokaci har ana soya ƙwai da kitsensa. Haka kuma akan miƙa wa baƙi giya da yamma a matsayin maraba. Mu dai da muka faɗa, an girmama buƙatarmu.

Bayan cin abinci aka zagaya da mu gidan na kimanin awa guda. An nuna mana hotunan masu gidan na farko, da tangaran ɗin da suka yi odarsa daga Turai, da labarin aurensu da mutuwarsu. Da aka zo kan mutanen da suka yi girki da wanki da ɗiban ruwa, sai mai yi mana bayani ta kira su "masu hidima", ta wuce. Ɗana ya raɗa mini, "Baba, bayi fa take nufi." Da na tambaya ko an san sunayensu, sai ta ce akwai wasu a cikin takardun gado na iyalin, amma ba su cikin abin da aka saba faɗa wa baƙi. Daga baya na fahimci cewa ƙaramin ginin bulo da ke bayan gidan, wanda shi ma ake saukar da baƙi a cikinsa, a da ɗakin girki ne da makwancin bayin gida.

Tarihin da Aka Daɗe Ba a Faɗa Ba

Wannan giɓi tsoho ne. Tun da aka fara bikin ziyara a 1932, abin da aka riƙa tallatawa shi ne ƙawa da jin daɗin zamanin kafin yaƙi, alhali bulon da aka gina gidajen da shi bayi ne suka buga mafi yawansa, kuɗin ginin kuma daga guminsu ya fito. A gidan Melrose har yanzu akwai wani babban maficin katako rataye a saman teburin cin abinci, wanda bawa ke tsayawa yana jan igiyarsa yayin da iyalin gida ke cin abinci.

A gefen gabas na garin akwai wata mararraba da ake kira Forks of the Road, inda daga 1833 zuwa 1863 aka ci kasuwar bayi mafi girma ta biyu a wannan ɓangare na kudu, bayan ta New Orleans. Dillalai kan ɗauro bayi a sarƙa daga jihohi masu nisa irin su Bajiniya, su koro su a ƙasa tsawon makonni, a sayar da su a nan. Shekaru da dama babu wata alama a wurin da za ta nuna wa baƙo abin da ya faru.

Akwai kuma labarin da ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye. Abdurrahman ɗan Almami Ibrahima Sori, Bafulatani ne Musulmi daga Timbo a Futa Jalo, cikin ƙasar Gini ta yau. An kama shi a wani yaƙi a 1788, aka sayar da shi ga Turawa, har ya faɗa hannun wani manomi mai suna Thomas Foster a kusa da Natchez, inda ya yi kimanin shekara 40 cikin bauta. A 1807 wani likita mai suna John Cox, wanda gidan Almami ya taɓa yi wa jinya a Timbo, ya gane shi a kasuwa, ya nemi ya fanshe shi, amma Foster ya ƙi. A 1826 Abdurrahman ya rubuta takarda da Larabci. Wani mai buga jarida a garin, Andrew Marschalk, ya miƙa ta ga Sanata Thomas Reed, shi kuma ya kai ta Washinton. Saboda an zaci marubucin mutumin Maroko ne, sai aka aika da ita can, Sarkin Maroko ya nemi a sake shi, gwamnatin Shugaba John Quincy Adams kuma ta sa baki. An 'yantar da shi a 1828 bisa sharaɗin ya bar ƙasar. Ya isa Laberiya tare da matarsa a 1829, ya kuma rasu a can a watan Yuli na shekarar, bai kai Timbo ba, yawancin 'ya'yansa kuwa suna cikin bauta a Misisifi.

Shi wannan Sanata Reed shi ne ya sayi gidan da yanzu ake kira Linden a 1818. A 1849 gidan ya koma hannun iyalin Conner, waɗanda zuriyarsu ta riƙe shi fiye da shekara 150, kuma ya zama ɗaya daga cikin sanannun masaukan kwana da karin kumallo na garin. Ke nan baƙon da ya kwana a can ya kwana ne a gidan mutumin da takardar Abdurrahman ta bi ta hannunsa. Marubuci Terry Alford ya tattara wannan tarihi a littafinsa mai suna Prince Among Slaves, wanda aka buga a 1977.

Sauye-sauyen da Aka Samu

An fara samun gyara a 'yan shekarun nan. A 1988 gwamnatin tarayya ta kafa gandun tarihi na ƙasa a Natchez, wanda ya ƙunshi gidan Melrose tare da ɗakunan bayinsa, da kuma gidan William Johnson, wani baƙar fata mai 'yanci, wanzami, wanda ya riƙa rubuta al'amuran yau da kullum na garin daga 1835 har aka kashe shi a 1851. Abin lura, shi kansa Johnson ya mallaki bayi, kuma ba a ɓoye wannan a bayanin da ake yi wa baƙi. A 2021 hukumar birni ta miƙa wa gandun wani ɓangare na filin tsohuwar kasuwar bayi. Haka kuma wasu ma'aurata baƙaƙen fata sun sayi ginin bayi na tsohon gidan Concord, wanda babban gidansa ya ƙone a 1901, suka gyara shi suka mayar da shi masauki mai suna Concord Quarters, inda tarihin bayin gidan ne ake fara ba wa baƙo. A ɗaya ɓangaren, a 2022 kamfanin Airbnb, mai haɗa baƙi da masu gidaje ta intanet, ya hana tallata ɗakunan da bayi suka zauna a matsayin wuraren hutu, bayan ƙorafin jama'a a kan wani irin wannan ɗaki a Jihar Misisifi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mai karatu zai ga cewa gidajen Natchez sun tsira ne saboda an samo musu hanyar ciyar da kansu, gwamnati kuma ta tallafa da doka da rangwamen haraji ba tare da ta ƙwace su daga masu su ba. Wannan abin dubawa ne gare mu. Gine-gine irin su Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano sun samu kulawa saboda suna hannun hukuma, amma gidajen tsofaffin attajirai da malamai da ke cikin unguwannin birane, masu zaure da soro da zanen bango, suna hannun magada, kuma kowace damina sai an rasa wasu, ko a rushe su a zuba siminti. Hukuma ba za ta iya ɗaukar nauyinsu duka ba. Ko da ba za a saukar da baƙi a cikin gida ba saboda tsarin zaman iyali irin namu, ana iya ware zaure ko shigifa ko wani sashe na waje domin masu ziyara da ɗaliban makarantu, a yi amfani da abin da aka samu wajen yaɓe da gyaran azara.

Abu na biyu ya shafi malaman makaranta da masu rubuta tarihi. Idan gida ya zama abin sayarwa ga baƙo, mai shi yakan zaɓi labari mai daɗin ji ya bar sauran, kamar yadda aka yi a Natchez fiye da shekara hamsin. Mu ma ƙasarmu ta san bauta, ta san rinji da gandayen sarauta irin na Fanisau, kuma sai a 1936 aka yi dokar da ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. Saboda haka duk lokacin da malami ya kai ɗalibansa wani tsohon gida, ya dace bayan an faɗi sunan mai gidan a kuma tambayi su wane ne suka haƙo ƙasa, suka buga tubali, suka ɗebo ruwa, da inda suka kwana. Dattawan da suka san waɗannan sunaye suna raguwa, don haka ya kamata a je gare su a rubuta tun suna raye.